Daga Aboabo Zuwa Kumasi: Kunne Ya Girmi Kaka

Bayan sallar la'asar muka shiga mota a tashar Aboabo, nan Tamale, za mu Kumasi, tafiyar kilomita kusan 380. Tun ba mu bar gari ba muka san akwai aiki. Salansa ta fashe, inji yana ta ruri, ga kuma lasifika biyu bisa kanmu. Kafin mu haye gadar Yapei, ba mai jin na kusa da shi sai an ɗaga murya.

Da muka wuce Buipe, wata Hajiya ta ce wa direba, "Ɗana, don Allah rage mana kiɗan nan." Sai da ta faɗa sau uku kafin ya juyo da kunnen dama ya ce, "Mma, a yi haƙuri, shi ke hana ni barci."

To 'yan'uwa, amsar nan ita ta sa mu wannan rubutu. Ƙara ba ta maganin barci. Ruri iri ɗaya na awoyi gajiyar da mutum yake yi, ya kuma ci masa kunne. Masana suna auna ƙara da desibel. Idan ta kai 85, awa 8 ce iyaka a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. 'Yan gashin da ke can cikin kunne, in suka mutu ba su sake tsirowa. Tun 1974 da Gana ta koma tuƙi ta hannun dama, direba a hagu yake zama, kunnensa na hagu ke shan iskar taga da ƙarar manyan motoci. Watakila shi ya sa direbanmu ya juyo da na dama.

A Kintampo muka tsaya, muka yi sallah, muka ci abinci, kunnuwanmu suna ta kuka. Duk matafiyi ya san wannan hanya. Ranar 22 ga Maris 2019, cikin dare, bas biyu suka yi karo tsakanin Kintampo da Techiman, mutane fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Dokar hanya ta 2012 ta hana direban haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba tare da hutun minti 30 ba.

Saboda haka muna roƙon masu motoci su gyara salansa. Direba ya rage kiɗa, ya ɗaga gilashin gefensa, amma kada ya toshe kunne har ya kasa jin ham. Goro, abincin fataken Salaga, yana jinkirta barci ne kawai, ba ya biyan bashinsa. Fasinja ya nemi matoshin kunne na soso a kantin magani, domin auduga ba ta tare ƙara sosai, ya kuma nisanta yara da wajen inji. Wanda kunnensa ya kwana yana kuka, ya je Asibitin Koyarwa na Tamale a duba shi.

Mu ma fasinjoji mu daina yi wa direba tsawa don ya tsaya hutu. Sauri ya haifi nawa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.