Kilisa a Lungunan Birni

A farkon shekarun 1980 azumi yana zuwa ne daidai saukar damina. Da ya kai tsakiya sai ka fara jin ƙarar kofato a lungunanmu na Mandawari bayan la'asar. Dawakin da za su yi hawan Sallah sun daɗe a turke suna cin harawa da dusa, jiki ya yi nauyi, dole a fita da su kilisa kafin ranar Hawan Daushe, lokacin da za su yi sukuwa a Ƙofar Kudu gaban Sarki Ado Bayero.

Kawuna yana hawa a tawagar wani hakimi. Yana da akawali ingarma mai zafin kai, da wani tsohon kili mai sanyin hali. Ni ke share barga da ɗebo ruwa, ladana kuma shi ne a ɗora ni kan kilin in bi bayansa.

Kawu ba ya sa ƙafa a likkafa sai ya zura yatsu biyu ƙarƙashin majayi. Doki yakan kumbura ciki idan ana ɗaura masa sirdi, in an ɗan taka kuma ya saki, sirdin ya yi sako-sako. Saboda haka muna fita daga lungu zai tsaya ya sake ja. Linzaminmu na gargajiya kaifi gare shi, fizga ɗaya ta isa ta fasa bakin doki. "Riƙe shi da tausayi, yaro," in ji shi, "bakinsa nama ne." Ya kuma hana ni matsa wa akawali ta baya, sai na bar tazarar doki guda, domin harbinsa na iya karya ƙwaurin mahayin da ke biye.

Cikin gari tafiya kawai muke yi, ba sassarfa balle sukuwa. Lungun birni ƙunci gare shi, ga kwata a tsakiya, ga yara suna fitowa daga zaure a guje ba sa duba ko'ina. Kawu kan ɗaga murya tun daga nesa, "Gafara dai! Hattara, ga doki!" In muka iske dattawa a dakali, shi ne mai fara sallama, yana daga sama ya ɗan rusuna. Makaho da ɗan jagoransa, mace mai goyo, mai tura kurar ruwa, duk sai mu raɓe jikin katanga su wuce. In kuwa gawa aka ɗauko, sauka yake yi gaba ɗaya, ya riƙe ragama har makara ta yi nisa.

Sai mun fita ta Ƙofar Gadon Ƙaya mun miƙa wajen Ɗorayi, inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa, sannan yake sakin linzami. Nan ma burtali muke bi. Gero ya fara tasowa, kuma bai yarda kofato ya taɓa kunyar kowa ba.

Wata rana muna dawowa gab da shan ruwa, wani saurayi ya taho a sukwane kan kwalta, abokansa na yi masa ihu. Ya so ya yi zamiya irin ta masu jafi, alhali a kan ƙasa ake yin ta. Ƙafafun dokin suka zame, ya faɗi ta gefe, ya haɗa da wata yarinya mai tallar ƙosai. Har yau ina ganin farantin yana juyawa a tsakiyar titi, ƙosai ya watse cikin kwata. Kawu ya miƙo mini ragamar akawali, ya ruga ya ɗauki yarinyar, hannunta yana lilo. Shi ya bi ta har wurin mai ɗori, a can ya sha ruwa. Dokin ya tashi gwiwoyinsa a ɗaye suna jini. Na haya ne, saurayin bai ma san sunan mai shi ba. Abin da ya ƙona wa Kawu rai ke nan, ya kwana yana cewa laifin na wanda ya ba da dokin ne.

Na yarda da shi, kuma yau abin ya fi na da muni. Babura masu ƙafa uku sun cika titunan da muke bi, gonakin Ɗorayi sun zama unguwanni, hawan angwanci da kilisa sun koma hannun duk wanda ya iya biyan kuɗin haya. 'Yan sandan Kano sun sha hana kilisa saboda rikicin 'yan daba da ke fakewa da ita. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke tinƙaho da su, amma mahayin da zai yi wannan hawa a kilisa yake koyon zaman sirdi, in ta lalace ba shi da wata makaranta.

Masu barga, ku ne da dawakin. Kada ku miƙa ragama ga yaron da ba ku taɓa ganin hawansa ba, kuma in zai fita, ku haɗa shi da babba.