Zara ba ta ƙyafta ido

Wani hutu na bazara na koma gida Bambeye da iyalina. Zafi ya hana kwana ɗaki, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ɗiyata, da ta tashi cikin fitilun birnin Tawa, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce: "Baba, don mi taurari ka ƙyafta ido, amma Zara ba ta yi?" Kakarta ta amsa da cewa matar wata ai ba ta jin barci. Ni kuwa da nake malami, kalmar Faransanci kawai gare ni, scintillation, kuma sunan abu bai zama bayaninsa ba. Na yi shiru, shirun ya dame ni.

Da na koma Tawa na yi bincike. Ashe ba taurarin ke ƙyaftawa ba, iskar da ke kanmu ce. Duk wanda ya bi hanyar Konni da rana tsaka ya ga yadda kwalta ke rawa daga nesa, don iska mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya suna karkata haske. Haka hasken tauraro ke yi kafin ya iso ido. Zara duniya ce ta kusa, faifai ce ƙarama ba ɗigo ba, shi ya sa rawar ba ta cika kama ta ba.

Abin da ke ƙawata darenmu shi ne ciwon kan masu ilimin taurari, domin komai girman madubinsu, iska sai ta dagula hoton. A 1953 wani Ba'amurke, Horace Babcock, ya kawo shawarar da ta yi kama da tatsuniya: a auna karkatar hasken, a lanƙwasa madubi ya warware ta nan take. Sai a 1989 aka nuna ingancinta a cibiyar Haute-Provence ta Faransa. Yau a Paranal, cikin hamadar Atakama ta ƙasar Cile, akwai manyan madubai huɗu, kowane faɗinsa mita 8.2. Ɗayansu yana harba hasken laza huɗu zuwa kimanin kilomita 90 a sama, su kunna ɗigon haske kamar tauraron aro. Na'ura ta duba yadda iska ta murɗa ɗigon, ta motsa wani siririn madubi sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Irin wannan dabara ta taimaki Reinhard Genzel da Andrea Ghez bin sawun taurarin da ke kewaya baƙin ramin tsakiyar gungun taurarinmu, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Kusa da nan, bisa dutsen Armazones, ana gina wani mai mita 39, haɗin gutsattsari 798.

Sai dai ba lissafin ya fi tsaya mini a rai ba. Madubban huɗu na Turawa ne, amma sunayensu na harshen Mapuce ne, mutanen asalin ƙasar, kuma ta gasar rubutu tsakanin ƴan makaranta aka zaɓe su a 1999: Antu, rana, Kueyen, wata, Melipal, wasu taurari huɗu na kudu, sai Yepun, tauraruwar maraice. Yepun ɗin nan, mai harba laza, ita ce Zararmu. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin malamai.

Na kai maganar aji. Na rubuta optique adaptative a allo, na ce a ba ni Hausarta. Wani ya ce a bar ta haka, ai ba mu muka ƙera ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don haka muka saba musu. Wata yarinya daga baya ta ce "madubi mai gyara kansa". Aka yi gardama, wasu na ganin iska yake gyarawa, ba kansa ba. Gardamar nan ta nuna mini sun fahimci aikin na'urar fiye da yadda kalmar Faransanci ta taɓa fahimtar da ni.

Sun tambaye ni ko za a kafa irinsa a Adar. Na gaya musu gaskiya: duwatsunmu ba su da tsawo, ƙurar hunturu kuma takan rufe sama kwana da kwanaki. Duhun dare kam muna da shi, tukuna. Na ba su aikin gida, kowa ya tambayo tsofaffinsu sunayen taurari. Kaza da ƴaƴanta da Gamzaki sun zo a kusan kowace takarda, ɗalibai uku kuma sun kawo sunayen da ban taɓa ji ba.