Ɗalibata da Ta Ce Teku Za Ta Karanta

Duk shekara idan aka koma lakol, a makon farko nakan ce wa 'yan ajina kowa ya yagi takarda ya rubuta mini aikin da yake so ya yi in ya girma. Amsoshin ba su cika canzawa ba: likita, soja, ɗan duwan, ungozoma, sai ɗaya ko biyu da za su ce malanta don su faranta mini rai. Bara sai ga wata takarda an rubuta: "Ina so in yi binciken halittun cikin teku." Na karanta da ƙarfi, aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Har na ƙara da cewa, "To, sai mu roƙi gwamnati ta sayo mana teku tukuna." Yarinyar ba ta ce komai ba. Ta sunkuyar da kai, kuma kusan wata guda ba ta sake ɗaga hannu a darasina ba, alhali ita ce mai fara amsa tambaya.

Kimiyyar halittu nake koyarwa a nan Harobanda. Sunan unguwar ma da Zabarmanci "bayan ruwa" yake nufi, kuma kullum in zan shiga gari sai na hau gadar Kennedy na ƙetare kogin Isa. Mutumin da ruwa ke gabansa safe da yamma, kuma ake biyansa albashi don ya koyar da rayuwar halittu, shi ne ya yi wa yarinya dariya don ta ce tana son halittun ruwa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Da na kira ta na ba ta haƙuri, sai ta nuna mini inda abin ya samo asali. A wayar yayanta ta ga bidiyon Sylvia Earle, Ba'amurkiyar nan da aka haifa a 1935, wadda a 1970 ta jagoranci ayarin mata masu bincike suka yi mako biyu a wani ɗaki da aka kafa a ƙarƙashin teku, a 1979 kuma ta yi tafiya da ƙafa a ƙasan teku, zurfin mita 381, kusa da Hawai. Na ce mata abin sha'awa ne, amma daga Yamai zuwa gaɓar teku mafi kusa, wajen Kwatano, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ta ce, "Malam, ai kai ka koya mana cewa ruwan nan da ke wucewa a gabanmu can yake zuwa." Ban sami abin cewa ba.

Gaskiyarta. Kogin ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kilomita 4,000 da 'yan kai, wajen 550 daga ciki a ƙasarmu, kafin ya zube a tekun Atlantika a kudancin Najeriya. Kuma ba ta nan kaɗai teku ke taɓa mu ba. Daminarmu daga can iska ke kwaso ta. Masanan cibiyar AGRHYMET, wadda ke nan gefenmu tun 1974, ɗumin ruwan teku na cikin abin da suke dubawa kafin su ce ga yadda damina za ta kasance. Kifin ƙanƙarar da matanmu ke sayowa a kwali in na kogi ya yi tsada, na teku ne. Wanda ya taɓa yawo a duwatsun Adar, wajen Tawa, ya san yara na tsintar duwatsu masu siffar dodon koɗi. Ragowar halittun teku ne, na lokacin da ruwan gishiri ya rufe yankin, shekaru miliyoyi da suka wuce. Duk na san waɗannan, ina koyar da su a rarrabe, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai da yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta tilasta mini.

Sai na shiga neman wanda ya yi irin aikin da take mafarki a kan wannan kogi namu, don in ba ta misalin da ya fi Hawai kusa. Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Jacques Daget, Bafaranshe, an haife shi a 1919, ya rasu a 2009. Ya yi aiki ƙarƙashin cibiyar bincike ta IFAN da ke Dakar a zamanin da Théodore Monod ke shugabantarta. Shi ma Monod ɗin da kifi ya fara: a 1922 aka tura shi gaɓar Muritaniya nazarin kamun kifi, daga nan hamada ta ɗauke masa hankali har ya zama sananne a kanta. Daget kuwa ya tare a Diyafarabe, wani gari a bakin kogin a ƙasar Mali ta yau, inda aka kafa ɗakin binciken halittun ruwa. A 1954 ya fitar da littafinsa kan kifayen saman kogin, wanda masu bincike ke komawa gare shi har yanzu. Daga baya ya koyar a gidan tarihin halittu na Paris, kuma yana cikin waɗanda suka tsara jerin sunayen kifayen ruwan daɗi na Afirka baki ɗaya, aikin da ya fito cikin juzu'i huɗu daga 1984 zuwa 1991.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa ba littattafan ba ne. Mutumin ya zauna cikin masunta Bozo, ya koyi harshensu har ya yi littafi a kansa tare da wasu 'yan ƙasar biyu. Ya yi nazarin wani ƙaramin kifi da suke kira tineni, wanda suke tatsar mai daga jikinsa, yana hawan kogi garke-garke, tafiyarsa kuma tana bin hasken wata. Masunta sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suka san daren fita. Abin da Daget ya ƙara shi ne awo da rubutu: tsawon kifi, nauyinsa, abin da ke cikinsa, da zoben da ke jikin ɓawonsa, wanda ake ƙirga shekarun kifi da shi kamar yadda ake ƙirga na itace. Sai dai kuma a faɗi gaskiya, zamanin mulkin mallaka ne. Sunan Bature ya hau bangon littafi, sunayen yawancin masu kwalekwalen da suka nuna masa inda kifi ke kwana ba su hau ba. Da na ba ɗalibata wannan labari, tambayarta ɗaya ce: "To, mu wa ya rubuta namu?"

Akwai masu yi, a Jami'ar Abdou Moumouni da ke nan Harobanda da ma'aikatan ruwa da gandun daji, amma aikin ya fi hannayen yawa. Kogin nan sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Gorowal ke kawowa da laka. Akwai kuma cikar da ke isowa daga Gini a lokacin sanyi, bayan ta yi watanni a hanya. A Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, a 2020 kuma ya fasa shinge ya shiga gidajen Lamorde. Rairayi na cike shi, ciyawar nan mai shuɗin fure da ta samo asali daga Amurka ta Kudu tana toshe wa kwalekwale hanya, ga madatsar Kandaji ana ginawa a sama da Tilaberi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da yake yi wa giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu: inda za su yi ƙwai, abin da za su ci, hanyar da za su bi. Ka tambayi duk wani tsohon masunci a bakin ruwa, zai ce maka kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance. Da nawa ya ragu, wane iri ne ya fi ɓacewa, wane girman idon koma ya kamata a hana? Wannan sai wanda ya yi shekaru yana zuwa bakin ruwa da asuba da ma'auni da littafi. Ga kuma ayu, wanda yawancin ɗalibaina sun san sunansa a bakin masu magani amma ba su san dabba ce mai shayarwa da ke cikin koginsu ba.

Na je gidansu ranar wata Lahadi. Mahaifinta tela ne, mutum mai nutsuwa. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, na gode da ka taka. Amma ka faɗa mini tsakani da Allah, in ta gama wannan karatu wa zai ɗauke ta aiki? In ta yi makarantar kiwon lafiya, shekara uku ta fara taimaka wa ƙannenta."

Na ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Hanyar doguwa ce kuma guraben kaɗan ne."

Haka ɗin ne. Bayan Bak sai shekara uku ta digirin farko, biyu ta na biyu, uku ko fiye ta dakta. Wanda yake son teku kanta dole ya fita: Dakar, inda jami'ar Cheikh Anta Diop ke da cibiyar koyar da kamun kifi da kiwonsa, ko Kwatano, ko Legas inda cibiyar binciken teku ta Najeriya take. Na ruwan daɗi kuma akwai cibiya a New Bussa, bakin tafkin Kainji, a kan wannan kogin dai. Aikin ma ba irin na bidiyo ba ne. Rana ɗaya a cikin ruwa, wata guda a gaban na'urar ƙara girman abu da kwamfuta ana lissafi. Ƙarnin kifi a tufafi, sauro, tsargiya, da rubuta takardun neman kuɗin bincike da sau da yawa ba a amsawa. Ga mace kuma akwai maganar aure da maganar mutane, waɗanda shi bai ambata ba amma na ga mahaifiyarta ta leƙo daga ɗaki lokacin da na ce Dakar.

Abin da na iya ce masa shi ne shekarun farko na kimiyyar halittu a jami'a ba su rufe ƙofa: daga nan ana zama malami, ana shiga aikin gona ko kiwon kifi, wanda yanzu har a cikin gidajen Yamai ake yinsa a kwandon siminti. Jami'ar kuma da ƙafa za ta riƙa zuwa, ba kuɗin haya, ba kuɗin mota. Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da yayansa. Har na miƙe sai ya ce, "Ka san ko iyo ba ta iya ba? Ni na hana su zuwa bakin ruwa, tun da ya ci ɗan maƙwabcinmu." Ban yi masa gardama ba, ni ma na hana nawa.

Bana na canza abu ɗaya a ajina. Na sayo karfasa biyar da jika biyu daga hannun wata mai talla, muka auna su da rula, muka ciri ɓawo muka duba da gilashin ƙara girma, sannan na ce kowa ya je ya tambayi wani tsoho sunayen kifaye da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Yawancinsu sun kawo biyar ko shida. Ita ta kawo ashirin da uku, da zanen kowane, daga bakin wani Basarke da ke gyaran koma a ƙarƙashin gada. Ƙaninta ne ya raka ta. A watan Yuli za ta zauna Bak. Mahaifinta har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ran nan da na kai masa ɗinki ya tambaye ni ko gaskiya ne ana sanin shekarun kifi daga ɓawonsa.