Shekararmu ta farko a ajin zane, da abin da matan Jiratawa suka koya mana

Yau ba ta akwatin radiyo muka zo muku ba, a rubuce muka zo. Kun san halin ƴan radiyo, mutum ɗaya ne amma “mu” yake cewa, to ku yi haƙuri, bakin ya riga ya saba. Da yawanku kun tare mu a hanya kuna tambayar abin da ya sa aka daina jin muryarmu a shirin dare. Wasu sun ce mun koma Yamai, wasu sun ce mun ɓata da gidan. Ko ɗaya babu. Lakol muka koma. Tun watan Oktoba 2024 muka shiga ajin yamma a wata makaranta mai zaman kanta nan cikin gari, muna koyon zanen kwamfuta, wanda yara ke ce wa anfografi.

Dalili ba wani boyayye ba ne. Yanzu sanarwar ɗaurin aure ko ta rasuwa tana zagaye WhatsApp a hoto kafin mu karanta ta a iska. Shirinmu ma in ba a yi masa afish an sa a Facebook ba, rabin matasa ba su san an yi ba. Kullum sai mun roƙi wani yaro ya haɗa mana, mu biya, mu jira. Muka ce gemu ba ya hana ilimi. A zuciyarmu kuma, gaskiya, mun ɗauka abin ba zai ba mu wuya ba. Mutumin da ya shekara goma yana isar da saƙo ga dubban jama'a, ai ba a koya masa isar da saƙo.

Ranar farko muka tarar duk ajin ƙannenmu ne, waɗanda suka samu bak bana ko bara. Kafin a tashi sun sa mana suna Tonton. Mushen kansa mun girme shi. Wata guda cur bai bari mun taɓa kwamfuta ba, sai fensir da farar takarda, a ja layi, a zana harafi ɗaya sau hamsin. Da aka zo aikin farko ya ce kowa ya yi afish na abin da ya fi sani. Muka yi na shirinmu. Muka zuba launi bakwai, salon rubutu huɗu, hotonmu da babbar riga, mikro, har da harshen wuta a ƙasa. Ya ba mu 6 cikin 20. A gaban yara ya ce, “Malam, in kana gabatar da shiri, mutum nawa ke magana lokaci guda?” Muka ce ɗaya. Ya ce, “To a takardar nan mutum bakwai ke magana, wa za mu saurara?” Daren nan barci bai zo da wuri ba. Rabonmu da irin wannan maki tun lissafin aji uku na kwalej.

Aiki na biyu waje ya tura mu. Ya ce kowa ya je ya samo abin da ake ganewa daga nesa ba tare da an karanta komai ba. Muka hau kabu-kabu zuwa Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir tun wajejen 1836. Mun sha zuwa fadar ɗaukar rahoto, amma kunne muke kaiwa, ba ido ba. Ran nan muka zauna gefe muna kallo kawai. Tun daga nesa, cikin taron mutane, za ka ware dogari da ja da koren rigarsa. Ba wanda ya rubuta masa “dogari” a ƙirji. Launi biyu ne, an riƙe su shekara da shekaru ba a canza ba, har yaro ƙarami ya san ma'anarsu. Da muka dawo muka shiga babbar kasuwa muna duba allunan da masu fenti suka rubuta da hannu. Mai aski ya zana kawuna, mai gyaran waya ya zana waya, mai kanti ya zana buhu. Mutanen nan ba su shiga ajin zane ba, amma sun san yawancin masu wucewa ba za su tsaya karatu ba. Mun rubuta wannan a rahotonmu, an yaba, muka ɗauka darasi ya zauna. Ashe a takarda kawai ya zauna.

A zango na biyu aka ba mu babban aiki: kowa ya nemi mai sana'a na gaske, ya yi masa aikin da za a buga a yi amfani da shi. Muka tuna da wata ƙungiyar mata a Jiratawa da muka taɓa hira da su. Wanda ya san Jiratawa ya san fadamar noman rani da ke gefen Gulbin Maradi, wadda aka gyara tun farkon shekarun 1980, sama da hekta 500, inda injuna ke jawo ruwa ana noma rani da damina. Zogalen da ake kwaɗawa a gidajen Maradi, mai yawa daga can yake fitowa. Matan nan suna busar da ganyen a inuwa, su ɗura a leda, amma ledar ba suna ba lamba. In mai saye ya ji daɗi bai san inda zai koma ba. Azumi na matsowa, lokacin da zogale ke tafiya sosai. Muka yi musu alkawarin etiket, su kuma suka ciro jika 25 daga kuɗin asusunsu don a buga guda 500.

Mun yi mako biyu kan aikin. Muka samo hoto mai kyau a intanet, garin zogale cikin kofi da cokalin katako. Muka rubuta bayani da Faransanci mai tsawo, ƙanana-ƙananan harufa, sannan muka ƙara Hausa a ƙasa. Mushe ya duba ya ce, “Ka nuna musu?” Muka ce za mu nuna. Ya ce, “Ka buga gwaji guda ɗaya tukuna.” Muka ce to. Ba mu yi ko ɗaya ba. Ranar da muka kai wurin bugawa an ɗauke wuta tun safe, layi ya yi tsawo, mu kuma labaran rana na jiranmu. Muka miƙa kile, muka biya, muka wuce istidiyo. Washegari muka karɓi kwalin a ɗaure, ko buɗewa ba mu yi ba, muka kama hanyar Jiratawa muna jin kanmu.

A tsakar gidan shugabar ƙungiyar aka buɗe, mata sun kai goma sha biyar zaune kan tabarmi. Koren da ke sheƙi a kwamfutarmu ya koma kamar ruwan kwata. Wata ɗiya ƴar lakol ta ɗauki ɗaya tana karantawa da ƙarfi, sai ta tsaya. Duk inda ƙ ko ɗ suke, wani ɗan akwati ne fanko ya fito. “Ƙungiya” ta rasa kanta, “ɗanɗano” ya zama akwati biyu da ƴan harufa. Dattijuwar ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa, don ba ta yi boko ba. Ba ta ga akwatunan ba ma. Hoton ta ƙura wa ido, ta ce, “Ɗana, ina ganyen namu? Wanga ai shayi ne. Mu kwaɗo muka sani.” Wata daga baya ta ce a hankali, “Kuɗɗin asusu hwa.” Ba wadda ta ɗaga mana murya. Da ma zagi aka yi da ya fi sauƙi. Muka ce, “Inna, laifinmu ne, a ba mu kwana biyar.”

Bari mu faɗa muku abin da ya faru, don kada wani ya sake faɗawa. Fuskar kwamfuta da ta waya da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RVB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMJN, kuma akwai kore mai ƙyalli da tawada ba ta iya fitarwa. In ba ka juya aikinka zuwa tsarin tawada ka duba ba, sai dai ka ga abin da ya fito. Hoton da aka kwaso daga intanet kuma sau da yawa ƙarami ne, bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Batun harufa ya fi ci mana rai. Salon rubutu da yawa an ƙera su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Wanda muka yi aiki da shi yana da su, amma babu shi a kwamfutar mai bugawa, sai ta musanya da wani. Maganin bai fi minti ɗaya ba: kafin ka kai, ka mayar da rubutun ya zama zane, ko ka fitar da shi a PDF da harufan a ciki. Akwai kuma salon rubutu na kyauta masu ɗauke da harufanmu duka, irin su Noto Sans, Andika da Charis. An koya mana wannan a aji. Gaggawa da jin kai suka sa muka tsallake.

Wani zai ce lanƙwasa ɗaya ai ba komai ba ce. To a cire ta daga “ƙasa” a gani, sai ta koma “kasa”. A nan Yamai aka yi taron UNESCO na 1978 kan harufan rubuta harsunan Afirka, amma har yau ka zagaya Ali Ɗan Sofo ko Zariya ka ƙirga allunan da suka rubuta Hausa daidai. Makonni kaɗan bayan abin da ya same mu, ƙarshen watan Maris 2025, sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In haka ne, masu zane da masu bugawa suna da aiki a gabansu, don su ke sa harshen a bango da leda da kwalba.

Kuɗin sake bugawa daga aljihunmu ya fita, cikin abin da muka ajiye na biyan kashi na biyu na makaranta. Sai da muka je muka roƙi a ɗaga mana wata guda, uwargida kuma ta yi haƙuri da atamfar Salla. Wannan karon daga garka muka fara. Muka tsinko reshe ɗaya na zogalensu, muka zauna da fensir muka zana, kamar yadda aka wahalar da mu a watan farko. Launi biyu, kore da baƙi, kan farar takarda. Sunan ƙungiya babba da Hausa, lambar waya babba, da ɗan fili na rubuta ranar da aka ɗura. Inna ce ta kawo shawarar da ba ta zo mana ba. Ta ce mutanenta da yawa ba su karanta boko amma sun yi allo. Muka sa wani malami ya rubuta sunan da ajami da alƙalaminsa, muka ɗauki hoton rubutun muka saka. Faransancin ya koma layi ɗaya a ƙasa, saboda masu saye na Yamai.

Muka buga guda ɗaya tak, muka liƙa a leda, muka ajiye kan teburin wani mai kanti, muka ja baya taku biyar. Duk wanda ya zo wucewa, ɗan kabu-kabu ne ko mai tallan ruwa, mu tambaye shi, “Mene ne wancan?” Da muka ji ana cewa zogale ba tare da an matsa kusa ba, sannan muka kai wa matan suka gani, suka yarda, muka koma aka buga sauran, muna tsaye a kan injin.

Ba za mu ce muku etiket ya mai da su attajirai ba. Abin da muka sani, kayan sun fita cikin azumin, kuma an fara kiran lambar daga cikin gari ana cewa a kawo. Mushe ya ba mu 13, ya ce ya cire maki saboda bugun farko, kuma gaskiyarsa. Yaran da ke ce mana Tonton su suka koya mana rabin abin da muka iya a Photoshop da CorelDRAW, mu kuma muna gyara musu Hausa. Har yanzu hannunmu bai faɗa ba, ɗan shekara ashirin zai gama cikin awa ɗaya abin da ke cin mana yini.

Abin da ya fi canzawa a wurin aikinmu na asali ne. Shekara goma muna magana, muna jin daɗin muryarmu, muna cusa Faransanci inda Hausa ta isa, ba mu taɓa ganin fuskar mai saurare lokacin da bai gane ba. A Jiratawa muka gan ta. Yanzu kafin mu buɗe mikro sai mu tuna dattijuwar nan tana juya takarda a hannu, mu tambayi kanmu ko abin da za mu faɗa zai isa gare ta.

Ga ƙannenmu masu son shiga wannan fanni, sana'a ce mai ci, amma iya taɓa Canva a waya bai isa ba, ku je ku zauna da mai kayan ku ji wa yake sayar wa. Ga ƴan kasuwa masu ba da aikin allo ko etiket, kada ku biya kuɗin bugu sai an nuna muku gwaji a takarda, ku sa wani ya karanta muku Hausar harafi-harafi. Mu dai jika 25 muka biya kafin mu koyi wannan.

Muna gaida matan Jiratawa da suka ba mu dama ta biyu, da mutanen Tibirin Gobir, da ƴan ajinmu. In Allah ya yarda za mu shiga shekara ta biyu, shirin dare kuma zai dawo ranakun Asabar da Lahadi.