Amaryar Da Ta Tafi Da Gidan Gwydir

'Yan uwana mata, ku matso ku ji abin da na gano a Llanrwst, wani ɗan gari a arewacin Wales ta Birtaniya. Ni da Yayana muka haye gadar dutse ta 1636, muka taka zuwa gidan Gwydir, ga ɗawisu na ta yanga a tsakar gida.

Gidan zuri'ar Wynn ne, masu ji da asali. Sir John Wynn, wanda ya rasu a 1627, littafi guda ya rubuta don ya nuna shi jinin Sarki Owain Gwynedd ne, da ya mutu tun 1170.

Ni dai Mary ce ta tsaya mini a rai. Mahaifinta ya rasu a 1674, bai bar ɗa namiji ba sai ita. A 1678, ko shekara 20 ba ta cika ba, aka ɗaura mata aure da Robert Bertie ɗan Ingila, gida da gonaki suka bi ta zuwa dangin miji. A 1689 ta rasu. Wallahi na daɗe ina kallon tagogin benen nan, ina cewa ko an ma tambaye ta tana son sa? Sai da Yaya ya ce in taho, kada jirgi ya tafi ya bar mu.