Tagogin Ɗakin Inna

Asabar

Na shigo birnin Zazzau ta Ƙofar Doka bayan la'asar. Ko ruwa ban gama sha ba Inna ta ce, "Kai, je ka ga tagar nan da idonka." Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Tagogi biyu ne a ɗakin, ɗaya a bangon gabas tana kallon lungu, ɗaya a kudu tana kallon tsakar gida. Kowacce faɗinta taƙi biyu, tsayinta taƙi biyu da ɗan wani abu, kuma can sama suke, sai dogon mutum ya yi ɗage zai leƙa. Na danna katakon ta gabas da ɗan yatsa, ya burma. Gara ta cinye cikinsa ta bar fenti kawai. Ta kudu tana da sauran rai, amma murfinta ya karkace, da tsumma ake toshe gefensa tun hunturun bara.

Kakana ne ya gina ɗakin da tubali, rufin soro. A nan aka haifi mahaifina.

Lahadi

Ƙanena ya kira daga Legas. Ya ce kuɗi na wuyansa, a fasa bango a sa manyan tagogin alminiyam masu ja, irin na gidajen zamani, Inna ta samu haske da iska. Ban musa masa ba, domin tausayi ne ya sa shi faɗin haka, kuma maganar haske gaskiya ce. Da hantsi na ga Inna ta ɗauko Alƙur'aninta ta fito bakin ƙofa, ta zauna a kan tabarma rana na dukan ƙafarta. Ta ce a ciki baƙaƙen ba sa fito mata.

Da azahar na shiga ɗakin na zauna. Ƙarshen Maris ne, bazara ta kankama, tsakar gida kamar an hura wuta, amma ciki sanyi kamar gindin randa. Na auna kaurin bangon a bakin ƙofa, ya haura kamu guda. Zafin rana yakan yini yana ratsa ƙasar nan, ba ya isowa ciki sai dare ya yi nisa, lokacin da mutane suka riga suka fitar da shimfiɗa waje. Sanyin nan shi ne dukiyar ɗakin, kuma shi nake tsoron a yi asararsa.

Litinin

Na je Sabon Gari wurin masu haɗa tagogi. Alminiyam yana da kyan gani, gara ba ta cinsa, ba ya tsatsa, ga raga a jikinsa don sauro. Amma mai ja rabi kaɗai take buɗewa, kullum gilashi ɗaya na bayan ɗaya, wato babban rami za a fasa a samu iskar rabinsa. Na tambayi mai shagon yadda ake kafa ta a bangon ƙasa. Bai ɓoye mini ba, ya ce kusa ba ta kama ƙasa, sai an zagaye ramin da bulo da siminti. Na duba ta ƙarfe wurin mai walda, da mai yankakken gilashi jere-jere irin ta ajujuwan makarantarmu ta firamare. Wannan na san halinta, ƙurar hunturu tana bi ta tsakanin gilasan ko an rufe.

Talata

Yau na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na aika aka ɗauko tsohon maginin da ke yi wa gidanmu yaɓe tun ina yaro. Ya zo da sandarsa, bai kalli tagogin ba sai da ya zagaya ɗakin ta waje, yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. Sannan ya shiga ya ɗaga kai yana bin azara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, so ake a faɗaɗa su."

Ya ce, "Ɗana, zo ka ga." Ya kankare yaɓen da ke saman tagar gabas da bakin wuƙa, sai ga azara uku a kwance, bakinsu ya shige cikin bango dama da hagu. Ya ce su ke ɗauke da ƙasar da ke sama, ƙasar kuma ita ke ɗauke da azarar rufi, rufin kuma ƙasa ce mai nauyi a kansa. In aka ci gefen ramin, an cire wa azarar nan matashi. Sai a sa doguwa, alhali ita azara in ta wuce kamu huɗu ba tallafi takan fara lanƙwasa. Shi ya sa magina suka koyi ɗaurin guga da bakan gizo in suna son ɗaki mai faɗi, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na garin nan a ƙarni na 19.

Da na kawo maganar siminti sai ya girgiza kai. Ya ce siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa yana nan ƙiƙam. Damina biyu sai tsaga ta fito a mahaɗarsu, ruwa ya samu hanya, ya shiga ya kwanta bayan simintin inda ba ya bushewa. Ya tuna mini cewa hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, in Agusta ya zo kuwa kusan kullum ne. Ya ce ta gabas kada a ƙara mata ko ɗan yatsa.

Na ce to hasken Inna fa? Ya daɗe yana kallon tagar kudu. Sannan ya ce faɗi ne ba ya taɓuwa, tsayi kuwa akwai dama. Ƙasar da ke ƙarƙashin taga ba ta ɗauke da komai sai kanta. A sare ta zuwa ƙasa taƙi uku, haske zai sauko har kan tabarma, kuma tsakar gida take kallo, ba mai wucewa da zai leƙo.

Laraba

Na yi wa ƙanena bayani tiryan-tiryan. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai kada a yi wa Inna aikin araha. Na ce katakon kirki ya fi alminiyam wuyar samu.

Haka kuwa aka yi. Ni da kafinta mun yini a 'yan katako. Baba ya ce kirya ko maɗaci, kuma busasshe. Kirya ba mu samu mai tsayin da ake so ba. Maɗaci akwai, amma yawancinsa ɗanye ne, ka ɗaga ka ji nauyin ruwa, irin wanda zai murɗe kafin damina ta fita. Sai wajen la'asar muka dace da wasu tsofaffin allunan da aka ciro daga wani gida da aka rushe. Jajaye, ba ko huda ɗaya.

Alhamis

Ana fiƙa da gogewa. Ta gabas murfi biyu na katako zalla da ragar sauro. Ta kudu an raba ta biyu, sama gilashi guda a kafe don haske ko an rufe saboda ƙura, ƙasa murfi mai buɗewa gaba ɗaya. Kafinta ya bar wa kowane firam ƙahoni a kusurwoyi huɗu, su za a binne cikin bango a maimakon kusa. An shafe bayan katakon da baƙin mai saboda gara. Baba ya sa an jiƙa ƙasa da ciyawa, yara suna tattakawa, ya ce a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa.

Asabar

An kafa su. Baba da kansa ya sare ƙasan tagar kudu, a hankali, tubali ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo su ƙasa ba tare da ya fasa ko guda ba. Na riƙe ɗaya a hannuna, mai siffar ƙwai, da shaidar yatsun wanda ya mulmula shi. Azarar da ke saman tagogin duka lafiyarsu lau, gara ta ci katakon kanti ta bar giginya. Ya cike gefe da sabuwar ƙasa, ya karkata dandamalin tagar zuwa waje don ruwa ya zube. Ya ce makuba sai yaɓen ya bushe sarai, zai dawo bayan mako guda, ɓawon ɗorawar ma ya riga ya tanada.

Lahadi

Motar safe zan bi zuwa Kaduna. Na shiga yi wa Inna sallama na tarar ba ta fito bakin ƙofa ba. Ta jawo tabarmarta ƙarƙashin tagar kudu, hasken ya sauka a kan shafin, tana bi da yatsa. Na tsuguna na jira har ta kai ƙarshen aya. Ta ce in gaya wa ƙanena ta gode, Allah ya yi mana albarka, kuma in biya wurin kafinta ya zo ya sassauta sakatar, ta yi wa hannunta tauri.