Muryar Sankira Ba Ta Ƙetare Ganuwa

Saura kwana uku Babbar Sallah, akantar wani kamfanin gine-gine da ke Kaduna tana zaune a barandar asibiti a Gusau, inda take jinyar mahaifiyarta, kwamfuta a kan cinyarta. Ta kammala jadawalin albashin ma'aikata 42. Abin da ya rage shi ne takardar ta fito daga firintar da ke ofishin shugaban kamfanin, ya sa hannu, a kai banki kafin a tashi. Shugaban dattijo ne wanda ba ya sa hannu a kan abin da bai riƙe ya karanta ba, jadawalin albashi kuwa sirri ne, ba a tura shi ta WhatsApp wani ya buga.

Ta kunna VPN ɗin ofis, wato bututun sirrin da ke haɗa kwamfutarta da na'urorin Kaduna ta cikin intanet. Ya haɗu lafiya lau, har ta buɗe fayilolin ofis kamar tana kan teburinta. Da ta danna umarnin bugawa, sai ta tarar sunan firintar ya dushe. Ta sa kwamfutar ta sake nema, ba ta gano komai ba. Ta kashe, ta kunna, har sau uku. Daga nan ta kira matashin da ke kula da na'urorin ofis.

"Injiniya, firintar Alhaji ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Yanzun nan sakatare ya buga wasiƙa da ita. Kiran da kwamfutarki take yi ne ba ya iso nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin ya samo asali daga yadda aka tsara na'urori su riƙa gano juna. A cikin ofis, kwamfuta ba ta buƙatar a gaya mata inda firinta take. Shela take yi, kamar sankira a bakin kasuwa: wa ke buga takarda a nan? Firinta ta ji, ta amsa da sunanta da lambarta. Kamfanin Apple ne ya yaɗa wannan tsari a 2002 da sunan Rendezvous, ya sauya masa suna zuwa Bonjour a 2005. A watan Fabrairun 2013 aka wallafa ƙa'idojinsa a takardu biyu, RFC 6762 da RFC 6763, waɗanda Stuart Cheshire da Marc Krochmal suka rubuta. Masana suna kiransa mDNS, kuma da shi AirPrint da Chromecast suke bayyana a waya ba tare da an rubuta ko lamba ɗaya ba.

Sai dai shelar tana da iyaka, kuma da gangan aka sa mata. Ana aika ta zuwa adireshin taro guda, 224.0.0.251, ta ƙofa mai lamba 5353. Adireshin yana cikin rukunin da ƙa'ida ta hana kowace rauta fitarwa daga zauren da aka yi kiran. Da babu wannan hani, da kowace firinta da talabijin sun riƙa sanar da baƙi sunansu da wurin zamansu, hanyoyin sadarwa kuma su cika da hayaniya.

Bututun VPN kuwa, a mafi yawan lokuta, ɗan aike ne mai ɗaukar wasiƙa. Idan an rubuta adireshi a bayan ambulan zai kai ta ko'ina, amma ba ya ɗaukar ihun da aka yi a tsakar gida. Haka aka gina WireGuard, wanda ya shiga cikin Linux a watan Maris na 2020. OpenVPN yana da salo biyu: tun, mai ɗaukar wasiƙu kaɗai, da tap, mai haɗe wurare biyu su zama zaure ɗaya har shela ta ratsa. Amma manhajojinsa na wayoyin Android da iPhone ba sa aiki da tap, kuma salon yana jawo duk surutun ofis ya bi ta layin da ake sayen datarsa da kuɗi. Fayilolin akantar sun buɗu ne domin an riga an rubuta wa kwamfutarta adireshin ma'ajiyarsu. Firintar ce kaɗai ta dogara ga shela.

"To, yaya za a yi? Banki ba zai jira ni ba."

"Mu kira ta da lambarta, Hajiya. Amma ki fara duba min lambar da MiFi ɗinki ya ba kwamfutar."

Tambayar tana da dalili. Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da jerin lambobi iri ɗaya, masu farawa da 192.168.0 ko 192.168.1. Idan jerin gida ya yi daidai da na ofis, kwamfuta kan ɗauka cewa firintar tana kusa da ita, ta ƙi saka wasiƙar a bututu. Suka duba, jerin ya bambanta. Sai ya karanto mata lambar da ke manne a jikin firintar, ta rubuta ta a wurin ƙara firinta da hannu. Shiru.

Matashin ya ɗan yi jim, sannan ya tuna cewa an ɗauke wuta da safe, an koma janareta. Duk lokacin da rauta ta mutu ta farfaɗo, tana iya sake rabon lambobi, na'ura ta wayi gari da sabuwa. Mutanen ofis ba su taɓa lura ba, domin shela tana sanar da kwamfutocinsu sabuwar lambar a ɓoye. Wanda ke nesa ne kawai zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Ya shiga ofishin shugaban da sallama, ya duba ɗan allon firintar, ya karanto lambar ranar. Ta rubuta, ta danna. Ta cikin wayar ta jiyo ƙarar takarda tana fitowa.

Bayan Sallah ya yi gyaran da ya kamata a yi tun farko. Ya umarci rauta ta keɓe wa firintar lamba ɗaya da ba ta canzawa, ya rubuta ta a takardar da ake bai wa duk mai aiki daga nesa. Ya san akwai wata hanyar: manhajar Avahi tana iya maimaita shela daga wani zaure zuwa wani. Bai kunna ta ba, domin hakan na nufin duk wanda ya shigo ta bututu zai ji sunan kowace na'urar da ke shela a ofis, alhali firinta ɗaya ake buƙata.

A ranar dai, shugaban ya sa hannu ana saura minti 40 a rufe banki. Akantar ta rufe kwamfutar, ta koma ɗaki ta tarar mahaifiyarta ta farka tana neman ruwa. Tsohuwar ta tambaye ta abin da ya tsayar da ita a waje.

"Kuɗin ragunan mutane ne, Inna," in ji ta, tana miƙa mata kofi.